Kurkunun da bai fito ba

Ranar wata kasuwar Achida ce, a shekarar da ruwan dam ɗin Goronyo ya fara isowa gonarmu da rani, wana Bello ya dawo daga dashen albasa yana jan ƙafar hagu. Ina tsakar gida ina surfen gero, hannuwana duk dusa. Ya zauna gindin rumbu ya naɗe wando, sai ga sha-raɓarsa ta kumbura suntum, tana sheƙi, da zafi kamar dankalin da aka tono daga toka. Gwaggo Hajo, yayar babanmu, ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Mi kaka tsoro, ɗana? Kurkunu na." Shi ke nan fa, an gama bincike.

A lokacin babu gidan da bai san kurkunu ba, tunda ruwan tafki muke sha. Ƙafa ta kumbura, ta yi bororo, tsutsar ta leƙo, a riƙa naɗe ta a tsinke a hankali. Inna ta fere tsinke mai kyau ta soke a jinkar ɗakinta, muka shiga jira. Kowace safiya kafin in kai wa awaki harawa sai na durƙusa na duba ƙafar Yaya. Ba bororo, ba tsutsa.

Abin takaici, mu gidanmu alfahari ake yi da jininmu. In lauje ya yanke mu wurin yankan shinkafa, kafin a nemo toka jinin ya tsaya. Wanzaminmu yakan ce in ya ɗaga ƙaho a bayan Baba, gudaji yake tararwa kamar hanta. Baba ya yi dariya ya ce, "Jinin maza ke nan." Ba wanda ya tuna da ƙanen Baba da ya faɗi matacce a gona yana saurayi, ko ɓarin da Gwaggo Hajo ta yi ta yi.

Ruwan rani kuwa bi da bi ake sakinsa, in naka ya wuce albasarka ta ƙone, kuma Baba ba shi da wani ɗa namiji, ga Yaya kwance. Nan fa bakuna suka buɗe. Dattawan ƙofar masallaci suka ce su da kurkunu a ƙafa biyu sun yi noma. A bakin tafki ina ji da kunnena ana ce masa raggo, mutumin da tun yana ƙarami shi ke riga kowa fita! Aka kira mai tausa ya murje ƙafar da man shanu, wai don tsutsar ta motsa. Yaya yana zufa ya ce, "Inna, wanga abu ba cikin fata yake ba." Aka ce raki ne. Da safe aka ɗora shi kan jaki ya tafi tare ruwa. A bakin magudana ya dafe ƙirji, numfashi ya ƙi shiga. Kafin azahar an yi masa sutura. Bakunan nan kuma suka juya, wai iskar bakin ruwa ce.

Sai da na aurar da ɗiyata Hadiza ta haihu, ƙafarta ta yi irin wannan kumburin, mijinta ya kai ta asibiti a Sakkwato, na bi su, sannan na gane. Likita ya fara da hana tausa, sannan ya tambaye ni ko an taɓa yin haka a dangi. Ya ce gado ne: ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun cika zumuɗi, suna manne wa juna tun ba rauni, gudan ya toshe jijiya, in ya ɓalle ya nufi huhu. Ta sha magani ta tashi. Yanzu 'yar ƙwaya ƙarama take haɗiya kullum.

Yau famfo muke sha, jikokina ko sunan kurkunu ba su sani ba. Tsinken nan kuwa yana jinka har Inna ta rasu, ba ta yarda an taɓa shi ba. Masu cewa raggo da yawa sun tsufa a gabana, muna gaisawa, amma har yau ban ji wanda ya janye kalmar ba.