Donna Fissa da Waliyyinta Mai Wasa Wuƙa

Sunanta na baftisma Crocifissa Lo Monaco, amma ba wanda ke da lokacin furta wannan dogon suna a layinmu, sai dai Donna Fissa. Gajeruwa ce mai faɗi, da murya irin wadda in ta kira ɗanta ta taga sai 'ya'yan maƙwabta ma su amsa. Jirgi ɗaya ya kwaso mu daga Sisiliya ta kudancin Italiya, masaƙa ɗaya ta cinye mana ƙuruciya a wani gari kusa da Boston ta Amirka, ƙofarta kuma tana kallon tawa a saman bene. Ita ta riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa kummari muke kiran juna. Duk wanda ya ce ya fi ni saninta, ƙarya yake.

Mijinta ya rasu da wuri, ƙurar auduga ta ci masa huhu. Sai ta bar masaƙa ta shiga ajiye 'yan haya, tana ba su gado da wanki da abinci. Dokarta ba ta da yawa. Ba a zagi a kan tebur, ba a kife burodi, kuma wanda ya taɓa hoton Waliyyi Yusufu da ke saman kabad ya tattara kayansa.

A cikin 'yan hayar nan akwai Amilcare Bedeschi, mutumin arewacin Italiya, mai wasa wuƙa da almakashi. Kullum yana tura kekensa mai dutsen wasa layi-layi, yana kaɗa ƙararrawa, gemu har ƙirji. Ɗan ƙungiyar nan ne da suka ce duniya za ta gyaru ranar da babu gwamnati, babu ɗan sanda, babu mai masaƙa, babu coci. Duk Lahadi sukan taru a bayan shagon wani mai gyaran takalmi, su rushe gwamnatocin duniya kaf kafin la'asar, sannan kowa ya koma gida cin taliya. Ni dai ban taɓa ganin Amilcare ya kashe ko ƙuda ba. Bakinsa ne kawai ba ya gajiya.

Shi da Donna Fissa ba a raba su da faɗa.

"Donna Fissa, wannan kyandir da kike ƙona wa hoto, da ni kika ba wa na karanta jarida."

"Ci ka tashi, arne mai gemun bunsuru. Wa ya ba ka abincin nan in ba Allah ba?"

"Ke kika ba ni. Na gan ki da idona."

"To gobe ka ga wanda zai ba ka."

Gobe kuma kwanonsa ne ya fi na kowa cika. Idan na yi mata tsiya sai ta ce ciyar da shi take har ya tuba, don mai jin yunwa ba ya sauraron wa'azi.

Shekarar murar nan da ta kwashe mutane, ɗanta Nino ya kusa tafiya. Ta yi wa Waliyyi Yusufu bakance, in yaron ya tashi za ta shimfiɗa masa tebur duk shekara har ta mutu. Yaro ya tashi. Don haka duk sha tara ga Maris, ranar waliyyin, falonta kan koma wani abu dabam. Tebur hawa uku, farin ƙyalle, burodi mai siffar sanda da tsani, lemo, wake, taliya da kifi an barbaɗa mata garin busasshen burodi. Nama dai babu, lokacin azumin coci ne da ba a cin nama. Ka'idar ita ce a samo talakawa uku su tsaya a matsayin Yusufu da Maryamu da jaririnta masu neman masauki, su ƙwanƙwasa ƙofa a kore su, su sake a kore su, a na uku a buɗe. Su za su fara ɗanɗana kowane kwano, sannan sauran jama'a su ci.

Maryamu da jariri ba sa wuya, 'ya'yan zawarawa sun cika layi. Yusufu ne matsala. A Sisiliya talaka ba ya ɓoye talaucinsa, amma a Amirka kowa ya sayi hula ya ɗauki hoto ya aika gida, wa zai yarda a nuna shi a ce ga matsiyacin unguwa? Wani tsoho ne ke rufa mata asiri, to a shekarar da nake ba da labari ya sha giyarsa ya gangaro daga matakala da safen ranar, ƙafa ta karye.

Ina kicin ɗinta ina suyar kifi ta shigo kamar za ta yi kuka. Can sai ga Amilcare ya sauko zai fita da kekensa. Ta dubi gemun, ta dube ni.

"Kummari, kada ma ki fara," na ce.

Ta riga ta tare ƙofa.

"Amilcare, ɗana."

"Yau kuma ni ne ɗanki? Me ya ƙone?"

"Riga kawai za ka sa, ka riƙe sanda, ka ci abinci. Ba wanda ya ce ka yi addu'a."

"Ni? Donna Fissa, kin san abin da 'yan'uwana za su yi mini in suka ji? Har in mutu ba zan sake buɗe baki a taro ba."

Ba ta yi masa gardama ba. Zama ta yi a kan matakala ta rufe fuska da gyale, ta ce shi ke nan, bakance ya karye, waliyyi ya zo ya karɓi yaronsa. Amilcare ya yi ta zagin sarakuna da limaman coci a ƙasa-ƙasa, sannan ya jingine keken. Amma ya kafa sharaɗi. A rufe labule, kuma ta ɗora hannu a kan hoton ta rantse ba za ta taɓa gaya wa kowa ba, ko wane ne. Ta rantse da saurinta.

Wallahi ban taɓa ganin Yusufun da ya kai shi kyau ba. Shuɗiyar riga, sanda mai farar fure a kai, gemu an taje shi da man zaitun. Tsofaffin mata suna sumbatar hannunsa yana cije haƙori. Daga hantsi har rana ta karkata yana zaune a kan teburin nan, ya ci taliya kwano biyu, ya ce wa jaririn ya girma ya ƙi biyayya.

A daidai tsakar ranar, a wani gari mai nisan tafiyar jirgin ƙasa, 'yan fashi suka harbe mai gadin wata masaƙa. Wata mata da ta leƙo ta taga ta ce ta ga Ba'italiye mai gemu da wani mai gashin baki.

Ba a daɗe ba 'yan sanda suka dira a shagon mai gyaran takalmi ranar Lahadi. Suka ɗauki Amilcare da abokinsa Oreste, mai gashin baki kamar tsintsiya. Suka sami takardun ƙungiya da jaka cike da wuƙaƙe, biyu ma nawa ne. Da suka tambayi Amilcare ina yake ranar sha tara, ga Oreste a gefe yana ji, sai gogan ya ce yawo ya je bakin kogi shi kaɗai. Suka zo wurin Donna Fissa. Mu dama tun a gida ba mu saba gaya wa mai kaki komai ba, ga kuma rantsuwa a wuyanta. Ta ce ba ta san inda ya je ba.

A lokacin dariya muke yi. Mun ɗauka za a tsare su kwana kaɗan saboda takardun a sake su. Da aka ce kisan kai ne, kuma hukuncinsa kisa a kujerar lantarki, dariya ta ƙare. Donna Fissa ta yi ta zarya gidan yari tana roƙon Amilcare ya warware mata rantsuwa.

"Gara su kashe ni da Oreste ya ji," in ji shi.

"To za su kashe ka ɗin, jaki! Kuma ni za a tambaya a lahira."

Sai da lauyansa ya zaunar da shi ya nuna masa ba wasa ake ba, sannan ya ce ta faɗa. Watanni sun riga sun wuce.

Ranar shari'a ta sa baƙar rigarta ta zuwa coci, ta ɗauko sandar nan a matsayin hujja, furen ya bushe. Mu matan layi da muka ci a teburin duk muka bi ta don ba da shaida. Ga alƙali, ga mutum goma sha biyun da za su yanke ko da laifi ko babu, duk 'yan ƙasa, babu wanda ya taɓa jin labarin teburin waliyyi. Ta yi bayani ta bakin tafinta, tiryan-tiryan, har da abin da aka dafa. Da aka zo kan riga da sanda, Oreste da ke zaune kusa da Amilcare ya fashe da dariya har da hawaye.

"Waliyyi, sa mana albarka mana, ko ma fita," ya ce.

Lauyan gwamnati ya miƙe a hankali, mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke ba ni tsoro.

"Uwargida, 'yan sanda sun tambaye ki, kin ce ba ki san inda yake ba. Haka ne?"

"Rantsuwa na yi."

"Yau ma kin rantse. Wacce za mu ɗauka?"

"Waccan ga waliyyi na yi ta. Ya warware mini."

"Waliyyin?"

"A'a, Amilcare."

Kotu ta ɗauki dariya. Ita ba ta ga abin dariya ba, ta yi ta waige-waige tana neman fuskata.

Da aka kira Amilcare, lauyan ya karanto abin da ya taɓa faɗa a taro, cewa coci shago ne, waliyyai kuma kayan talla.

"Kai ka faɗi haka?"

"Ni na faɗa."

"Yanzu ka canja ra'ayi? Ka yarda da Waliyyi Yusufu?"

Daga inda nake ina ganin Donna Fissa tana gyaɗa masa kai, tana haɗa hannuwa. Kalma ɗaya ce, ya ce eh, ko a ce ya tuba ne a ɓoye.

"Ban yarda ba."

"Amma kana so mutanen nan su yarda ka sa rigarsa ka wuni ana sumbatar hannunka."

"Na sa."

"Don me?"

"Matar nan ta yi kuka. Kuma akwai kifi."

Gaskiya ce tsagwaronta, amma a kunnen mutanen nan ba a taɓa shirya ƙarya mai rauni kamarta ba. Lauyan ya ce musu Italiyawa haka suke, in ɗaya ya faɗa rami sai duk layi ya zo ya rantse. Mu da muka ba da shaida aka yi mana kuɗin goro. Aka ce su biyun suna da laifi.

Shekaru aka yi ana ɗaukaka ƙara. 'Yan ƙungiya suka yi ta zanga-zanga da jan ƙyalle, Donna Fissa tana tsakiyarsu da carbinta, suna rera waƙar rushe coci tana jan addu'a. Ba wanda ya isa ya ce ta koma gida. Har suka saba, in ta makara sai su jira ta.

Na raka ta ziyarar ƙarshe. Ya rame, amma bakin yana nan.

"Donna Fissa, kada ki ɓata mini kyandir ko ɗaya."

"Kyandirina ne, in ƙona wa wanda na ga dama."

"Ki daina wannan fuskar. Ni na sa ki rantse."

"Ni na tare maka ƙofa," ta ce. "Da na bar ka ka fita, da matan 'yan ƙasa ɗari sun ji ƙararrawarka a layinsu. Su da an yarda da su."

Ya sunkuyar da kai. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai na ga haka. An kashe su su biyun a ƙarshen wannan makon, kuma har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Donna Fissa ta rayu har ta ga jikokin Nino. Ba ta fasa teburinta ba, ba ta fasa faɗa da 'yan haya ba. Abu ɗaya ne ya ƙaru. Duk baƙon ɗan ƙasa da ya taka gidan, mai kawo ƙanƙara ne, mai duba mitar gas ne, malamar makaranta ce, sai ta riƙe hannun rigarsa ta gaya masa da guntun Turancinta cewa mutumin yana gidanta ranar. Yawanci murmushi suke yi su zare hannu. Jikokin kan ji kunya su ja ta ciki.

A ƙarshe tsufa ya kwashe mata Turancin, ya kwashe sunayen jikokin. Tana kwance a asibiti, ni kuma da sandata nake zuwa in yi mata tafinta. Wata safiya wani matashin likita ya zo da magani, ta ƙi buɗe baki, ta kama masa riga tana ta magana.

"Me take cewa?" ya tambaye ni.

Na ce tana cewa wani mutum yana gidanta ranar sha tara ga Maris, tun daga hantsi.

Likitan bai san kan zancen ba, ba a ma haife shi ba lokacin. So yake kawai ta sha magani. Ya dafa hannunta ya ce, "Na yarda, Mama. Yana gidanki."

Na juya mata da harshenmu. Ta saki rigar, ta daɗe tana kallonsa, farin mutum mai farar riga, irin waɗanda ake saurara. Sannan ta yunƙura za ta tashi zaune.

"Kummari, ba shi hularsa," ta ce. "Ce masa ya yi sauri ya je ya gaya musu, kafin su taɓa yaron nan Amilcare."