Ɗaurin Ƙafa da Waƙoƙin Jikata

Shekarar da babur ya kayar da ni a hanyar Achika, maɗori ya ɗaure mini ƙafa da karare, ya ce kwana arba'in kada in taka ƙasa. Aka shimfiɗe ni a soro kamar buhun da ya rasa mai saye. A nan jikata ta ritsa ni. Tana karatu a jami'ar garin nan, kullum da la'asar sai ta biyo da wani littafi mai baƙin bango, wai ta zo ɗebe mini kewa.

Ni aji huɗu na yi aka mayar da ni gona, amma na san waƙa. Waƙa ita ce wadda kowane baiti zai je yawonsa ya dawo ya sauka inda ɗan'uwansa ya sauka. Ita kuwa ta ce marubutan makarantarsu sun rabu biyu: masu riƙe da amsa-amo irin na mutanen da, da 'yan zamani da suka yar da shi. Tana bayan na biyun, har jijiyar wuyanta tana tashi.

"Amsa-amo kurkuku ne, angona," in ji ta.

"Amarya, ni za ki gaya wa kurkuku? Dubi ƙafar nan."

Sai ta buɗe littafi. Wata waƙar a kan gadar Wudil ce, wata a kan wani kwalekwale da ba kowa a ciki. Layi ɗaya dogo kamar igiyar guga, na bayansa kalma biyu. In miƙe kunne ina jiran inda za ta sauka, sai in ji ta rufe littafi, wai an gama.

Na gaya mata gaskiya tun ranar farko. Na ce wannan ba waƙa ba ce, saƙo ne aka ba mai mantuwa. Ta yi dariya har da tafi. Abin da ya cuce ni ke nan: tsakanin kaka da jika wasa ne, duk abin da ya fito daga bakina tsokana take ɗaukarsa. Na haɗe rai, ta ce kishi nake. Na yi baccin ƙarya, ta ce ai waƙar ce ta ratsa ni. Na roƙi babanta ya raba ni da ita, ya ce shi ba ya shiga tsakanin miji da mata.

Ranar kwana ashirin da ɗaya na sake dabara. Da ta gama na gyara murya na ce, "Madalla. Wannan ta yi kyau ƙwarai, Allah ya ƙara basira."

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kaka, jikin ne?" Rabon da ta kira ni Kaka tun tana goye. Ta tattara littafinta ta fita a hankali, kamar mai barin ɗakin majinyaci.

Kwana uku ba ta zo ba. Na samu shirun da nake nema, na ƙirga azarar soron nan har na san wadda gara ta fara ci. La'asar ta yi tsawo. A rana ta huɗu na aika a gaya mata cewa na sake tunani, waƙar kwalekwalen nan ita ce mafi muni da na taɓa ji tun da aka haife ni.

Kafin a yi kiran magariba sai ga ta, da littafi biyu.

"Tsoho mai baƙin ciki," in ji ta, "matsa in zauna."

Ina zan matsa? Saura kwana goma sha biyar a kwance ni.