Ranar da na toshe bakin amyar kawuna

Shekarun baya, kawuna ya tafi garin Gabi ta'aziyya, ya bar mini tsaron amyarsa ɗaya tilo da ke kan gawo kusa da tabkin Madarumfa. Sauran amyoyinsa duk zuma sun gudu sun bar su, wannan ce ta rage masa. Ƙarshen bazara ne, hadari ya haɗu ya watse, ga damshin tabki, ko a inuwa kake zufa kake yi.

Da azahar na leƙa. Zuma sun fito sun yi curi a jikin amya, wasu sun jeru a baki suna ta kaɗa fiffike. Na ce shi ke nan, waɗannan ma shirin gudu suke! Ni da na yi lakwal, ɗan boko guda, ai ba za a yi abin kunya a hannuna ba. Na kwaɓa laka, na lulluɓe kaina da bargo, na hau na liƙe bakin, na bar ƴar kafa. Harbi huɗu na sha, amma na sauko ina jin kaina gwani.

Allah ya taimaka kawu ya dawo da la'asar. Ina ba shi labari ya yi salati, ya ruga ko takalmi babu.

“Kai, ɗan nan! Gudu? Fifita suke yi wa ƴaƴansu!”

Da ya ɓalle lakar, wani ɓangaren saƙar ya riga ya narke, matattun zuma sun cika baki. Waɗanda na rufe a waje kuwa suka afka ciki. Kawu ya ce ruwa suka ɗebo daga tabki cikin cikinsu. Sai su ɗiga shi kan saƙa, masu fifita su busar da shi, cikin amyar ya yi sanyi. In iska ta yi damshi ruwan ba ya saurin bushewa, shi ya sa wasu ke fita waje su rage cunkoso.

“To, Kawu, za su rayu?”

“In sun yafe maka.”

Sun rayu, amma zumar wannan shekarar ba mu lasa ba. Wallahi na ji kunya, garin neman gira na kusa rasa ido. Halitta ƙarama haka, ta san aikinta fiye da ni.

Har yau in na ga zuma a bakin randa tana shan ruwa, ba na korar ta, sai in jira ta gama. Na san akwai masu jiran ta a gida.