Ƙwayoyin Malam Halliru

Shekara goma sha ɗaya Malam Halliru yana koyar da kimiyya a wata firamare ta bakin fadama, tsakanin Wurno da Goronyo, amma ko sau ɗaya bai taɓa kurɓar ruwan makarantar ba. Da gorarsa yake zuwa, ɗaure a bayan keke. Mai ƙyama ne tun yana yaro, ƙuda ya sauka a furarsa sai ya ture ƙwaryar.

Abin da ke tayar masa da zuciya shi ne randar gindin dalbejiya. Ba marfi, moɗa guda, yara sun fi ɗari biyu. Wannan ya fito daga ba-haya ya tsoma hannu har gwiwa, wancan ya sha da majina a leɓe ya mayar da saura. Ruwan ma daga magudanar noman rani ake ɗebo shi, inda shanu ke shiga su yi abin da suka ga dama. Ya yi wa hedimasta magana har bakinsa ya gaji.

Wata Talata ya koya wa 'yan aji huɗu darasin ƙwayoyin cuta, ya ce gobe zai nuna musu inda suke zama. Latifa, 'yar Alhaji Attahiru shugaban iyayen yara, ta isa gida da murna ta ce Malam zai nuna musu ƙwayoyi gobe. Kalmar "cuta" a hanya ta faɗi. To, a garin da ƙwaya ta cinye samari, wasu har sun bi 'yan daji, wannan ba maganar da uba zai kwana da ita ba ce.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji da dattawa biyu, sun sha rana a ƙafa. Kafin sallama ma ya tsaya gindin dalbejiya ya shanye moɗa biyu, ya goge gemu. Malam Halliru yana kallo ta taga.

"Malam, ƙwaya kaka kawo ma ɗiyanmu?" in ji Alhaji.

"Ƙwayar mi, Baba Alhaji?"

"Ni za ka tambaya? In gaskiya ta, yau ɗin ga ka bar garin ga, kuma takarda ta riga ka isa Sakkwato."

Hedimasta ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Wannan ya fi ɓata wa Malam Halliru rai. Shekara sha ɗaya, mutumin da ko goro ba ya ci, ba a sami mai buɗe baki ya ce ba halinsa ba ne.

"Ku taho in gwada muku su," ya ce.

Ya shimfiɗa farin hankici a bakin bokiti, ya karkata randar ya tsiyaye ruwan gindi. Abin da ya rage a kan ƙyallen ya sa yaran da suka kewaye su ja da baya: kore-koren yauƙi, jajayen tsutsotsi na mutsu-mutsu, 'ya'yan sauro, da rabin kyankyaso wanda ya jiƙa har ya yi fari.

"Waɗanga manyan na, Baba. Ƙananan da ido bai gani su aka ce ma ƙwayoyin cuta. Su ka sa ɗiyanku gudawa." Ya nuna moɗar. "Moɗa biyu ni ga ka sha."

Alhaji ya dubi ƙyallen, ya dubi moɗar. Ya zagaya bayan itacen da sauri, aka jiyo shi yana kakari. Da ya dawo idonsa ya yi ja.

"Ku ma 'yan boko, kun rasa sunan da za ku ba tsutsa sai ƙwaya?"

Iyakar ban haƙurin ke nan. Takarda ba ta tafi Sakkwato ba. Kafin Juma'a randa ta sami marfi da ludayi mai dogon hannu, ruwa kuma daga burtsatsen masallaci, bisa umurnin Alhaji, wanda ke faɗa wa kowa cewa shi ya gano ƙazantar.

Malam Halliru yana nan yana koyarwa. Sai dai daga ranar har yau, in ya wuce kasuwa a kan keke, masu albasa kan ɗaga hannu su ce, "Malam Ƙwaya, a sauka lahiya!" Ya ja tsaki, ya taɓa gorarsa ya ji tana nan, ya taka feda.