Zabuwar da Igiya ta Raba da Ƙwanta

Karatuna bai wuce aji biyu ba a lekol, wato makarantar boko. Malam ya ce in karanta abin da ke jikin allo, na ce daga nan ba na gani. Ya matso da ni gaba, na ce yanzu kuma ya yi kusa da yawa. A nan muka rabu, kowa ya huta. Saboda haka in ka ji ina maganar ƙasashe da iyakoki, ba a littafi na samo ba. A bakin wutar kakata na fara jin ta, a bakin shingen jandarma na ƙarasa.

Gidanmu a Garuwa gidan mahauta ne. Bayan magariba Baba kan dawo daga mayanka da kawunan shanu da ƙafafu, Iya kuma, wato uwar Baba, ita ke babbake su a tsakar gida. Mu jikoki sai mu kewaye ta, hayaƙin gashi na shiga mana ido, kowa na jiran ɗan guntun kunne. Ni ne mijinta na wasa. Ba ta taɓa kirana Sale ba, sai Maigida.

"Maigida, matso. Mijin da ko gishiri bai taɓa kawowa ba, amma shi ne na farko a bakin tukunya."

"Amarya, in kika ƙara magana na sake ki."

"Sake ni mana, in ga mai ɗaukar ka da wannan kunnuwan."

In za ta fara tatsuniya takan ce, "Ga wata na ɗauko a ka tun daga garinmu." Mu ce, "Sauke ta, Iya." Akwai guda da take yawan saukewa, ta zabuwa.

Wai a da can sarki mutane yake mulka. Wanda ka kai wa gaisuwa shi ne sarkinka, in ka tashi ka tafi da shi a zuciyarka. Sai wasu baƙi suka zo da doguwar igiya, suka ce wa sarakuna biyu wannan shirme ne, ƙasar ake mulka, duk abin da ke kanta kuwa na mai ita ne. Suka shimfiɗa igiyar daga dutse har kogi. Ranar nan wata zabuwa ta tashi daga kan ƙwanta ta je shan ruwa. Kafin ta dawo igiya ta ratsa tsakaninsu. Dogarin gabas ya ce ita ta sarkinsa ce. Dogarin yamma ya ce ƙwan na sarkinsa ne. Ta kai kuka gabas, sarki ya ce ba ya sa baki a ƙasar wani. Ta aika yamma, wancan ya ce babu mai gaya masa yadda zai yi da abin da ke ƙasarsa. Sarakunan nan ba su taɓa jituwa a kan komai ba, sai a kan igiya. Zabuwa ta tsaya tana leƙe, har wata kaza ta ji tausayi ta hau kan ƙwan. Shi ya sa har gobe kaza ke ƙyanƙyashe wa zabuwa, ita kuwa tana yawo a bakin gona tana wannan kukan da ba ya ƙarewa.

Kullum sai na ɓata mata ƙarshen. "Amarya, zabuwa fa tana da fiffike. Me ya hana ta tsallakewa?"

Sai ta ɗaga wuƙar kankara ta nuna ni. "Kai dai ci kunnenka." Daga nan ta koma juya ƙafar saniya a kan garwashi. Ni a lokacin ina ganin na ci nasara ne.

Sai da na yi gemu na san Iya tana da wata 'ya kafin Baba, Goggo Hauwa. A wani ƙauye bayan duwatsun yamma ta haife ta. Uban ya rasu, danginsa suka riƙe yarinyar kamar yadda aka saba, Iya ta sake aure aka kawo ta Garuwa. Ba ta ɗauki abin rabuwa ba, tafiyar kwana biyu ce, babu mai tambayarka takarda. Sannu a hankali ƙauyen ya zama Najeriya, mu muka zama Kamaru, tsufa kuma ya kama ƙafa.

Wata Alhamis wani mai koro shanu ya tsaya a ƙofar gidanmu da saƙo. Goggo Hauwa na kwance, jiki ya yi tsanani, uwarta take kira. Baba ba ya iya barin mayanka, aka ce ni in kai ta. Baba ya ce mu shiga mota zuwa kasuwar ƙarshe, daga nan mu nemi jaki mu bi burtali, hanyar da shanu ke bi su tsallaka. Kowa ta nan yake bi. Da safiyar Asabar mun isa.

To, a watan ne na karɓi katin ɗan ƙasa. Hotona ne a jiki, na yi kwalliya kamar mai neman sarauta. Na nuna wa mai shayi, na nuna wa mai aski, saura wanda aka yi katin dominsa. Na ce wa Baba to. Muna sauka daga mota ranar Juma'a na ce wa Iya yanzu muna da ƙasa, muna da tuta, ba zan bi da amaryata ta daji kamar saniyar sata ba.

"Maigida, ni hanyar shanun na sani."

"Bar mini, na iya Faransanci."

Kalma huɗu na iya. Biyu a ciki gaisuwa ce.

A bakin shinge jandarma ya karɓi katina, ya duba, ya miƙo mini ko fuskata bai kalla ba. Ya ce na tsohuwa fa? Na ce, "Wi, shef," wato e, ranka ya daɗe. Ya sake tambaya, na sake cewa wi, shef. Sai ya gaji ya koma Fulatanci, ya tambayi Iya inda aka haife ta. Ta ɗaga hannu ta nuna dutsen da ke gabanmu.

"Can baya. Ga shi nan kana gani."

Ya ce ashe ita ba 'yar nan ba ce. In ta fita babu takarda ba za ta dawo ba, na can ɗin ma ba za su bar ta ta shiga ba.

"Ɗana," in ji Iya, "na haihu huɗu a Garuwa, na binne miji a Garuwa. Can kuma cibiyata take, 'yata ke kwance. Ina bakin murhu aka yi ta canza mini ƙasa, babu wanda ya yi mini sallama. Wace ce a ciki ba tawa ba?"

Mutumin ba mugu ba ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba ni na ja layin ba." Ya ce mu je ofishin sufurfe, jami'in mulkin yankin, a ba mu takardar wucewa. Muka tarar an tashi, sai Litinin.

A gidan da muka sauka Iya ta ce, "Maigida, har yanzu burtali na nan." Na ce ai jandarma ya riga ya ga fuskarmu, in aka kama mu ɗauri ne. Gaskiyar ita ce kunya nake ji in koma neman jaki bayan duk cika bakin nan. Kwana biyu ta yi zaune tana kallon dutsen.

Ranar Litinin aka ba mu takarda, kyakkyawa, da hatimi har biyu. Muka wuce ta kan titi, aka ɗaga mana shinge. Mun isa bayan la'asar muka tarar da tabarmi a ƙofar gida. Jiya Lahadi aka kai Goggo Hauwa. 'Yarta ta kama hannun Iya ta ce tun Juma'a Goggo ta sa aka juya mata shimfiɗa ta fuskanci burtali, don ta nan kowa ke ɓullowa.

Iya ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi. Da muka dawo Garuwa ta kwance bakin zaninta, ta ciro takardar ta miƙo mini.

"Riƙe, Sale. Taka ce."

Shekara uku ta ƙara a duniya, Maigida bai sake fitowa daga bakinta ba. Na yi ta tsokanarta da amarya, sai ta ce sannu, Sale. Ta ci gaba da yi wa ƙannena tatsuniya, amma ta zabuwa ba ta ƙara saukewa ba.

Yanzu nakan ji a rediyo ana cewa ƙasashen duniya sun taru, kowace da kujerarta da tutarta, sun amince babu mai sa baki a gidan wani. Ban ce ba shi da amfani ba. Wataƙila igiyar nan ta hana sarakuna da yawa cin juna. Ni dai ban taɓa jin an ce an ajiye wa zabuwa kujera ba. Abin da ya fi ci mini rai kuma, dogaran nan ba su taɓa rufe burtali ba. Ni na ɗauki igiyar a kaina tun daga Garuwa, na shimfiɗa ta a gaban tsohuwa.

An sabunta mini katin sau nawa, kowane hoto ya fi na baya muni. Takardar Iya tana cikin akwatina. Jikokina na kewaye ni in ana babbaka, nakan sauke musu ta zabuwa. Akwai wata 'yar ƙarama, Hauwa, bakinta irin nawa. Rannan ta ce, "Ango, zabuwa fa tana da fiffike. Me ya hana ta tsallakewa?"

Na ce, "Ta so ta tsallake. Wani zakara ne ya ce ta jira, shi ya san hanya."

"Sai aka yanka shi?"

"A'a, amarya. Barin sa aka yi ya tsufa."