Rubutun Tururuwa: Daga Dakoro Zuwa Damagaram

Dakoro

Tun kafin assalatu na ɗaura wa jakina akumari, na bi ayarin masu kanwa. Takarda guda ta fitar da ni, wadda wani falke ya naɗo mini allurai a cikinta. Layi ne biyar-biyar, da baƙaƙen ɗigo masu wutsiya suna hawa suna sauka kamar tururuwa. Sai da na yi jika na san alu da ambaki, don haka ba na barin rubutu ya wuce ni ban gaishe shi ba. Falken ya ce a Damagaram ya ji ana cewa kiɗa ne aka rubuta. Babana mai goge ne, hannunsa ya fara rawa, jikokinsa duk sun ƙi koyo. Na ce in dai kiɗa na rubutuwa, nasa ba zai bi shi kushewa ba.

Kornaka

Da la'asar muka sauka, matar mai masauki ta dama mana fura da nono mai kauri. Limamin garin ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce hatimi ne, in ba shi ya wanke wa mai ciwon kai. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da ba ka karanta ba za ka ɗura wa bawan Allah?" Ya miƙo mini abata ba ko kallo.

Tasawa

Masu tsaron ƙofa suka zazzage kayanmu. Ɗayansu ya ce raƙuman garin na ƙirga zan kai wa maƙiya. Na ce, "Ka taɓa ganin raƙumi mai ƙafa ɗaya?" Ya yi dariya, ya karɓi wuri ashirin, muka wuce.

Damagaram

A Zango aka nuna mini Baba Barka, tsoho mai sayar da dabino, wanda ya yi bauta a gidan wani Nasara a Tarabulus. Da ganin takardar ya ajiye mudu.

"Wanga kiɗa na babban goge ne, tsayinsa ya kai ƙirjina, tsirkiya huɗu. A zaune ake kaɗa shi, tsakanin gwiwoyi. Shi ke bayarwa, ƙananan goguna na amshi. Wanda ya rubuta kiɗan ya mutu tun ba a haifi kakan maigidana ba, amma kowace Lahadi sai mun ji shi a hannun maigidan."

"To karanta mini, Baba."

"Ɗiyata, ɗaukar gogen na iya." Ya rufe ido ya yi wani gunji daga ƙirji, mai tafiya a hankali kamar bijimi a bakin rijiya. Ya ce, "Shi ma maigidan sai da wani ya riƙe masa yatsu tun yana yaro. Takarda tuni take yi wa wanda ya riga ya iya."

Gida

Mun komo ta Ɗan Gulbi, na iske Babana a gindin aduwa, gogen na rataye.

"Kin samo mai rubutawa, Tani?"

"Takarda ba ta da yatsu, Baba. Sauko da shi."

"Ke? Mi za a ce a gari?"

"Su ce. Ina zan ɗora yatsa?"

Ya kama hannuna ya aza bisa tsirkiya. Na ja baka, awaki suka watse.

"Jakinki ya fi ki murya," in ji shi. "Sake."

Na sake. Godiya ga Allah da ya maido ni na iske Babana da rai; godiya kuma ga madugun ayari da Baba Barka.