Nomau Mai Bakin Majigi

A Tsamiyar Jaye, wani ƙauye tsakanin Cadawa da Agiye, in aka ce Nomau sai an ƙara da "mai bakin majigi" kafin a gane wanda ake nufi, don masu sunan uku ne a garin. Manomi ne kamar kowa, gajere mai faɗin kafaɗa, da gonar gero ɗaya da ya gada da 'yar gayauna ta gyaɗa. Abin da ya raba shi da danginsa shi ne ya zama Kirista tun yana saurayi. Su biyu aka yi wa baftisma rana ɗaya a tafkin bayan gari, shi da amininsa Dogo, wanda daga baya ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ya dawo mai bishara.

Ranar da labarin ya iso gida, wansa Barmo ya tara dangi a zaure. Bai zage shi ba, bai kore shi ba. Cewa ya yi kowa ya san abin da ke kai talaka ƙofar mishan: magani, tufa, da hatsi in shekara ta yi wuya. Nomau ya amsa a gaban kowa cewa shi ba cikinsa ya bi ba, kuma su shaida, ko allura ba za ta shiga gidansa daga hannun mishan ba muddin yana numfashi. Shekara ashirin ya riƙe wannan magana, har masu yi masa gori suka gaji suka bari.

Majigin kuwa Dogo ke kawo shi daga birni, sau biyu ko uku a shekara, bayan girbi. Mutanen cikin hoton da harshen Turawa suke magana, sai Nomau ya tsaya gefen farin ƙyalle ya ba su baki. Shi ya sa Fir'auna ya riƙa magana kamar mai karɓar haraji a kasuwar Cadawa, shi ya sa raƙuman fatake suka riƙa ƙorafin nauyin kaya. Musulmi ma zuwa suke. Barmo kan zauna can baya yana ɓoye dariya cikin rawani. In an zo wurin da ba na wasa ba, muryar Nomau takan sauka har a ji ƙarar inji kaɗai. Yakan ce bai taɓa ɗora wa hoto abin da ba ya cikin Littafi ba, gishiri yake ƙarawa, ba ya sauya miya.

A daminar 1984 ruwan sama ya ɗauke tun gero na iya gwiwa. Kafin sanyi ya shigo rumbuna sun koma wurin kwanan kaji. Mata suka shiga daji ɗibar ganyen jiga da 'ya'yan anza, wasu har gidan tururuwa suka tona don ƙwayar da ke ciki. Da rani ya yi nisa, babbar mota ta fara kawo jar dawa ta taimako, ana saukewa a ƙofar majami'a. Nomau aka ɗora wa awo, don an san hannunsa ba ya karkata. Ya auna wa Kirista, ya auna wa Musulmi, ya auna wa Fulanin da shanunsu suka ƙare, ya auna wa Barmo da kansa. Tiya ɗaya bai kai gidansa ba.

Matarsa Larai ta yi magana sau ɗaya, ranar da ta ga yaransu uku suna lasar tukunyar dusa. Ya ce mata ta yi haƙuri, in ya karɓa yau, shekara ashirin ta zama ƙarya. Ya sayar da awakinsa, ya riƙa saƙa zana yana kaiwa Agiye a ka, ya dawo da garin rogo a ƙullin riga. Da haka suka lallaɓa. Ƙaramar 'yarsu ta daina tafiya ta koma rarrafe, sai da damina ta kama ta sake miƙewa.

A cikin wannan rani ne Dogo ya zo da baƙi biyu, Turawa, da akwatin ɗaukar hoto. Ya ce za su tafi da hotunan zuwa ƙasarsu, mutanen can su gani su ƙaro hatsi. Nomau ya ga abin alheri ne. Aka ɗauke shi yana waƙa ranar Lahadi, aka ɗauke shi tsaye bakin rumbunsa. Sai Dogo ya nuna masa tsohuwa Dija, wadda ba ta da kowa kuma ba ta iya ɗaukar rabonta, ya roƙe shi ya kai mata buhun gida. Ya ce ya tuɓe riga kada ta ɓaci. Nomau ya tuɓe, ya durƙusa, ya ɗaga hannu biyu sama kamar yadda duk mai ɗaukar kaya a ka yake yi, ɗaya daga cikin baƙin ya miƙo masa buhun. Sau uku aka sa shi maimaitawa, wai rana ta haske akwatin. Ya kai wa Dija dawarta, ya manta da zancen.

Bayan shekara guda, an samu ɗan girbi, Dogo ya iso da majigi ya ce yau garin ne zai ga kansa. Aka toshe tagogin majami'a da tabarmi tun bayan la'asar, ɗaki ya cika har ƙofa. Barmo ma ya zo. Nomau ya je ya tsaya wurinsa na kullum, sai Dogo ya ce masa, idonsa na kan inji, ya zauna ya huta, wannan hoton yana jin Hausa.

Muryar da ta fito daga akwatin ta Dogo ce. Ta yi bayanin matattun shanu, ta yi bayanin rijiyoyi. Sai ga Nomau bakin rumbu, sai ga shi durƙushe ba riga, haƙarƙari a waje, hannu biyu sama, farin hannu yana sauke masa buhu. Muryar ta ce wannan bawan Allah ba shi da komai, ya zo neman abinci, ya sami abinci ya sami Maganar Allah tare da shi, yau ga shi cikin masu bi. Daga nan aka nuna shi yana waƙa.

Babu Dija a cikin hoton ko kaɗan.

Wani saurayi ya yi dariya ya haɗiye ta. Nomau bai waiwaya ba, amma ya ga lokacin da haske ya shigo ta ƙofa ya fita, ya san Barmo ne ya tashi.

Da aka watse ya sami Dogo yana naɗe waya. Dogo ya riga shi magana, ya ce hoton nan ya jawo motar dawa shida, ƙauyuka nawa suka rayu da shi. Masu bayarwa labari suke so mai farko da ƙarshe, kuma can ƙasar babu wanda ya san wani Nomau.

"A nan fa, Malam?" in ji Nomau. Bai taɓa kiransa Malam ba sai ranar. "Kana zaune a zauren Barmo ranar da na yi magana. Kai ka raka ni."

Dogo ya ce ai bai ambaci sunansa ba, kuma babu abin da aka nuna wanda bai faru ba. Nomau ya tuna masa da 'yan'uwan Yusufu. Rigar da suka kai wa ubansu ta Yusufu ce da gaske, jinin ma jini ne, ba su ƙirƙiri ko ɗaya ba. Haɗa su kawai suka yi suka ajiye a gaban tsoho, ya yi shekaru yana kukan wanda ke raye. Abu ɗaya ya roƙa: ranar Lahadi Dogo ya miƙe ya faɗi na wa ne buhun. Dogo ya ce zai faɗa. Kafin Lahadi ya ɗora majigin a mota ya nufi ƙauyukan Gidan Rumji, inda aka riga aka yi masa alkawarin taro, kuma a can aka bar shi da aiki.

Nomau ya je wurin wansa. Barmo ya ce ba sai ya rantse ba, shi ya ga buhun ya shiga ɗakin Dija. Sai dai bakinsa ɗaya ne, hoton kuwa yana yawo kasuwa kasuwa. Ya ƙara da cewa su da suka yi masa gori a gabansa suka yi, wannan kuwa nasa ne ya yi masa.

Nomau bai bar majami'a ba. Yakan ce ba Dogo ne Mai Ceton da ya mutu dominsa ba. Amma bai ƙara tsayawa gefen ƙyalle ba, kuma a kasuwar Cadawa har ya tsufa akwai baƙin da kan dube shi su ce sun san fuskar nan, shi ne na buhu. Ya yi ta addu'ar ya yafe, yakan ce wata rana ya iya, wata rana ya wayi gari abin na nan.

Larai ba ta je kallon ba, maƙwabta suka kawo mata labari. Bayan kwana biyu ta tare Nomau da zancen, tana tankaɗe a tsakar gida, ƙaramar 'yar na riƙe da zaninta.

"Malam," ta ce, "da na san haka za a ce mun ci, da na dafa wa yaran nan."

Shi da ya ba sarakuna da raƙuma baki, sai ya saɓa fartanya a kafaɗa ya fita.